Takarda Guda da Tarihinta: Tara Bugaggun Zane-zanen Farkon Ƙarni na 20

Duk wanda ya shiga harkar tara bugaggun zane-zane na masu fasahar Turai da suka ɓullo da sabon salo a farkon ƙarni na 20, ba zai daɗe ba za a tambaye shi dalilin da ya sa yake kashe kuɗinsa a kan takardar da aka buga irinta da dama, alhali hoton yana nan a littattafai da intanet ga duk mai son gani. Tambayar ta cancanci amsa, sai dai ta taso ne daga haɗa abubuwa biyu da suka sha bamban. Akwai hoton zane, wanda aka ɗauka da kyamara aka buga dubbai a inji, kuma darajarsa ba ta wuce ta takardar da ke ɗauke da shi ba. Akwai kuma bugaggen zane na asali, wanda mai zanen ya sassaƙa da hannunsa a jikin katako, ko ya karta a farantin ƙarfe, ko ya zana a kan dutse, tun farko da nufin a shafa tawada a danna takarda a kai. A wannan nau'i na biyu babu wani zane da ke rataye a wani wuri wanda takardar take kwaikwayo. Katakon kayan aiki ne kawai, kamar yadda hatimi yake kayan aiki, takardar da ta fito daga kansa kuwa ita ce aikin.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina, wanda kuma na ɗauka shi ne ginshiƙin harkar baki ɗaya, shi ne cewa takardu biyu da suka fito daga katako ɗaya ko faranti ɗaya ba lalle ne su zama daidai ba, ko ta fuskar kyau ko ta fuskar daraja. Takarda guda tak mai tarawa yake saye, tare da shekarar da aka buga ta, da hannun da ya buga ta, da jerin hannayen da ta bi kafin ta iso gare shi. Sunan mai zanen, wanda sabon shiga yake fara dubawa, shi ne abin da ya fi sauƙin sani a cikin lamarin, kuma shi kaɗai ba ya isa a yanke hukunci a kan ko wace takarda.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar zanen Pablo Picasso na 1904 mai suna Le Repas frugal, wanda ya yi a Faris yana ɗan shekara 22, a lokacin da yake fama da talauci, a kan wani farantin tutiya da wani mai zane, Joan González, ya riga ya yi amfani da shi. Namiji ne da mace zaune a gaban tebur, dukansu a rame, a gabansu akwai kwalba da kofuna biyu da kwano babu komai a ciki da gutsuren burodi; namijin ya kawar da fuskarsa gefe guda, dogayen yatsunsa suna kan kafaɗar matar. Wanda ya zura ido a saman zanen ta ɓangaren dama zai hangi burbushin tsohon aikin González wanda ba a goge shi sarai ba. Kwafi 'yan kaɗan mabugi Eugène Delâtre ya fitar a farkon lamarin, kuma a lokacin ba su samu masu saye na a zo a gani ba. A 1911 dillali Ambroise Vollard ya sayi farantin tare da wasu, ya sa aka lulluɓe shi da siririn rufi na baƙin ƙarfe ta hanyar lantarki domin ya jure bugu mai yawa, sa'an nan a 1913 aka fitar da kwafi 250 a takardar kamfanin Van Gelder na ƙasar Holan, da wasu da ba su kai 30 ba a takardar Japan. Zanen bai canja ba, amma idan aka jera bugun Delâtre da na Vollard, za a ga baƙin na farko ya fi zurfi da laushi, inuwar da ke cikin ramin kuncin namijin ta fi nauyi, na biyun kuwa ya ɗan yi fari-fari. A watan Maris na 2022 an sayar da ɗaya daga cikin na farkon a gwanjon kamfanin Christie's na Landan a kan fiye da fam miliyan 6, kuɗin da bugun 1913 ba ya ko kusantarsa. Tazarar shekara 9 da rufin ƙarfen da ido ba ya iya ganin kaurinsa su ne suka haifar da wannan rata.

Dalilin yana cikin yadda ake aikin. A bugun faranti, ana shafe ƙarfen da kaki, a yi zane da allura, a tsoma shi cikin ruwan asid ya cinye layukan da allurar ta buɗe, sa'an nan a cusa tawada cikin ramukan, a goge sama, a matse jiƙaƙƙiyar takarda a kai da injin matsi har gefen farantin ya bar shatarsa a jikinta. Akwai kuma wanda ake karta ƙarfen kai tsaye ba tare da asid ba, inda allurar take tayar da ɗan tudun ƙarfe a gefen kowane layi, tudun ya riƙe tawada ya ba layin wani laushi na musamman. Wannan tudu ba ya daɗewa, domin kowane matsi yana danne shi, kuma bayan bugu kaɗan sai ya kwanta. Bugun dutse kuwa ya dogara ne a kan cewa ruwa da mai ba sa haɗuwa: a yi zane da alli mai maiƙo a kan dutse mai santsi, a jiƙa dutsen, tawada ta kama inda maiƙon yake kaɗai. Kowace hanya tana da irin tsufan da take yi, kuma wanda bai san yadda kayan aikin yake lalacewa ba, ba zai iya bambance bugun farko da na baya ba.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga Jamusawan ƙungiyar Die Brücke, kuma a kansu zan fi daɗewa. A watan Yuni na 1905 ne ɗalibai huɗu masu karatun zanen gine-gine a birnin Dresden, wato Ernst Ludwig Kirchner da Erich Heckel da Karl Schmidt-Rottluff da Fritz Bleyl, suka kafa ta, kuma tun daga farko sassaƙen katako ya zama harshensu, har takardar manufofinsu ta 1906 ma a katako Kirchner ya sassaƙa ta, harafi bayan harafi. Ba su da dillali, ba su da masu saye, saboda haka sai suka ƙirƙiro tsarin mambobi masu tallafi: mutum ya biya mak 12 a shekara (mak shi ne kuɗin Jamus na lokacin), daga baya aka mai da shi 25, a aiko masa da katin zama mamba da rahoton shekara da ƙunshin bugaggun zane-zane. An yi irin wannan ƙunshi sau 7 tsakanin 1906 da 1912. Daga 1909 sai aka riƙa keɓe kowane ƙunshi ga mutum ɗaya, wani abokinsa ya yi masa bango. Na ƙarshen, wanda aka keɓe wa Max Pechstein, bai kai ga hannun yawancin mambobi ba saboda an raba gari da shi a shekarar, kuma wannan saɓani na cikin gida shi ne ya sa ƙunshin 1912 yake da wuyar samu har yau. Ƙungiyar kanta ta watse a 1913.

Abin da ya bambanta waɗannan samari da sauran shi ne cewa da hannunsu suke buga ayyukansu a shekarun farko. Kirchner ya bar bugaggun zane-zane fiye da 2,000, mafi yawansu shi ya buga su da kansa, sau da yawa kwafi 'yan kaɗan, yana sauya tawada ko takarda ko ya ƙara sassaƙa katakon tsakanin wannan bugu da wancan. Idan mutum ya samu damar riƙe irin wannan takarda, ya kamata ya fara da kallon baƙin. Ba zai same shi sumul kamar na inji ba. Zai ga jijiyoyin katakon sun ratsa cikinsa, zai ga wurin da tawada ta yi yawa ta taru a bakin yanka, da wurin da ta gaza ta bar ɗigo-ɗigon fari, da ƙananan tsagogi inda wuƙa ta ɓalle katakon maimakon ta yanke shi. Sa'an nan ya juya takardar a hankali ya karkata ta wajen haske, domin a bayan wadda aka buga ta hanyar gogawa da hannu akan ga sheƙin inda aka yi ta murzawa, wani lokaci har da sawun yatsa mai tawada a gefe. Waɗannan abubuwa, da wanda bai sani ba zai ɗauka aibi ne, su ne shaidar cewa mai zanen ya tsaya a kan wannan takarda da kansa, kuma babu hoto a intanet da zai iya nuna su.

Waɗannan mambobi masu tallafi su ne magabatan duk mai tara irin wannan aiki a yau, kuma akwai biyu daga cikinsu da nake ganin ya kamata a san su. Gustav Schiefler alƙali ne a Hamburg, wanda bai tsaya ga saye kaɗai ba, ya zauna ya tsara kundin bugaggun ayyukan Edvard Munch a 1907, daga baya ya yi na Emil Nolde da na Kirchner, yana rubuta girman kowane aiki da matakan da ya bi, wato sauye-sauyen da aka yi wa katako ko faranti tsakanin bugu da bugu, da irin takardarsa. Rosa Schapire kuwa masaniyar tarihin fasaha ce da ta tsara kundin Schmidt-Rottluff a 1924, kuma da yake Bayahudiya ce sai da ta gudu zuwa Landan a 1939 da abin da ta iya fita da shi na ayyukansa, wanda wasu daga ciki suka ƙare a gidajen adana kayan fasaha na Ingila. Irin kundin da suka fara shi ne har gobe babban makamin mai tarawa. Kowane babban mai zane yana da nasa, kuma da sunan wanda ya tsara shi ake kiransa: Dube ga Kirchner da Heckel, Woll ga Munch, Geiser da Bloch da Baer ga Picasso, Klipstein da Knesebeck ga Käthe Kollwitz. Dillalin da ya ba ka takarda bai faɗi lambarta a kundi da matakin da take ba, bai gama yi maka bayani ba, kuma hakkinka ne ka nemi ya ƙarasa.

Akwai wani abu mai taɓa zuciya a cikin ƙarancin waɗannan takardu, domin da yawa daga cikin masu zanen sun rungumi bugu ne saboda yana da araha kuma yana iya shiga gidan talaka. Tarihi ne ya mai da shi abin da ake nema ido rufe. A watan Yuli na 1937 gwamnatin Nazi ta buɗe baje kolin abin da ta kira gurɓatacciyar fasaha a Munich, inda aka rataye ayyuka kimanin 650 domin a yi musu ba'a, kuma mutane fiye da miliyan 2 suka je kallo. A wannan shekara aka bi gidajen adana kayan fasaha na Jamus aka ƙwace ayyuka fiye da 16,000, mafi yawansu na takarda. Na Kirchner kaɗai sun haura 600, kuma a shekarar da ta biyo baya ya kashe kansa a kusa da Davos ta ƙasar Suwizalan. Na Nolde sun haura 1,000, duk da cewa shi ɗan jam'iyyar Nazi ne mai ƙin Yahudawa, lamarin da bai kamata mai son aikinsa ya rufe ido a kai ba. An ba dillalai huɗu izinin sayar da abin da aka ƙwace a ƙasashen waje: Hildebrand Gurlitt da Karl Buchholz da Ferdinand Möller da Bernhard Böhmer. Abin da ya tsira daga wannan kuma ya gamu da bama-baman yaƙi, domin gidan Kollwitz na Balin da ɗakin aikin Schmidt-Rottluff sun ƙone a 1943, na Heckel da na Nolde a 1944, da tulin takardu a ciki, kuma a wajen Heckel har da katakan da ya sassaƙa.

Daga nan ne wajibin bincike a kan silsilar mallaka ya taso, kuma a ganina wajibi ne na ɗa'a kafin ya zama na doka. Ya kamata a rarrabe tsakanin abin da aka ƙwace daga gidajen adana kayan fasaha na gwamnati, wanda wata doka ta watan Mayu na 1938 ta halasta ƙwacensa, da abin da aka raba Yahudawa da shi ta hanyar ƙwace ko tilasta musu sayarwa. A kan na biyun ne ƙasashe 44 suka amince da ƙa'idojin Washinton a 1998, waɗanda suka nemi a gano irin waɗannan ayyuka a kuma yi wa magada adalci. Labarin Curt Glaser ya nuna yadda lamarin yake shafar takardu kai tsaye. Shi ne shugaban ɗakin karatu na fasaha na gwamnati a Balin, kuma babban mai tara ayyukan Munch. Da aka raba shi da aikinsa a 1933 sai ya yi gwanjon kayansa a watan Mayu ya bar ƙasar, gidan adana kayan fasaha na Basel kuma ya sayi takardu 200 a wannan gwanjo. Sai a 2020 aka cimma yarjejeniyar biyan magadansa diyya. Idan babbar hukuma ta ɗauki shekaru 87 kafin ta warware irin wannan, mai tarawa shi kaɗai ba shi da hujjar ɗaukar batun da wasa.

Wahalar ita ce bugaggen zane yana da 'yan uwa, saboda haka sanin cewa wani ya taɓa mallakar zane kaza bai nuna cewa wannan takardar ce tasa ba. A nan ne bayan takarda yake zama mafi amfani fiye da gabanta. Masu tarawa da gidajen adana kayan fasaha sun saba buga ɗan ƙaramin tambari a baya, ko su rubuta lamba da fensir, kuma wani ɗan ƙasar Holan mai suna Frits Lugt ya tattara waɗannan tambura a kundi a 1921, ya yi masa ƙari a 1956, yanzu kuma gidauniyarsa da ke Faris ta sa shi a intanet kyauta. Haka nan jerin ayyukan da Nazi suka ƙwace yana nan a shafin gidan adana kayan fasaha na Victoria da Albert na Landan tun 2014, akwai kuma rumbun bayanai na Lost Art, na ayyukan da aka ƙwace ko suka ɓace a zamanin Nazi, da Jamus take kula da shi. Ba na sayen takardar da aka manne bayanta da kwali ta yadda ba za a iya dubawa ba, kuma idan na ga an kankare wani tambari, ko silsilar ta yi shiru daga 1933 zuwa 1945, to sai na ji bayani mai gamsarwa.

Batun bugun bayan rai kuwa, Kollwitz ce ta fi koyar da shi. Ayyukanta a kan masaƙa da manoma da uwayen da yaƙi ya raba da 'ya'yansu, musamman sassaƙen katako 7 da ta yi a farkon shekarun 1920 bayan mutuwar ɗanta Peter a fagen fama a watan Oktoba na 1914, suna daga cikin mafi ƙarfin abin da zamanin ya haifar. Amma farantanta na ƙarfe sun ci gaba da aiki bayanta. Mawallafi Alexander von der Becke ya karɓi harkar wallafa ayyukanta daga mawallafi Emil Richter a 1931, kuma kamfaninsa ya ci gaba da bugawa daga farantan shekaru da dama bayan rasuwarta a 1945, yana sa busasshen tambarinsa, wanda ake dannawa ba tawada, a gefen takardar. Waɗannan ba jabu ba ne, kuma wanda ya saye su da saninsa a kan kuɗin da ya dace bai yi asara ba. Matsalar tana zuwa ne idan aka ƙara musu sa hannun ƙarya da fensir aka ɗaga farashi. Munch kuma nasa salon daban ne, domin yakan koma kan katakon da ya sassaƙa shekaru da yawa baya ya sake bugawa da wasu launuka, wani lokaci ya yanka katakon gunduwa-gunduwa da zarto, ya shafa wa kowane yanki launinsa, ya sake haɗa su. Shekarar da aka rubuta a kundi ta katakon ce, ba lalle ta takardar ba. Da ya rasu a 1944 ya bar wa birnin Oslo bugaggun takardu kusan 18,000, kuma wannan kyauta ita ce ta fitar da mafi yawan aikinsa daga kasuwa har abada.

Fagen da na fi ba da shawarar a taka da hankali shi ne na Rasha. Daga 1912 mawaƙi Aleksei Kruchenykh tare da masu zane irin su Natalia Goncharova da Mikhail Larionov da Kazimir Malevich da Olga Rozanova suka riƙa fitar da ƙananan littattafai na bugun dutse a takarda mai araha, rubutun ma da hannu aka yi shi, a haɗe da tambarin roba da takardun da aka yanka aka manna, ta yadda kwafi biyu na littafi ɗaya ba sa zama daidai. Akwai ma wanda aka buga a kan takardar ƙawata bango. Bayan gwamnatin Sobiyet ta rushe ƙungiyoyin masu fasaha a 1932, wannan salo ya zama abin ɓoyewa, iyalai suka adana abin da suka adana a ɗakunan ajiya ba tare da wani rubutaccen bayani ba. George Costakis, ɗan asalin Girka haifaffen Mosko wanda ya yi aiki a ofisoshin jakadanci, shi ne ya bi gida-gida yana tattara su tun daga shekarun 1940, kuma da zai bar ƙasar a 1977 ya bar babban kaso a gidan adana kayan fasaha na Tretyakov da ke Mosko, sauran kuma gwamnatin Girka ta saya, yana birnin Tasalonika. Wannan giɓi na shekaru da babu takardun shaida shi ne ƙofar da masu jabu suke shiga, domin duk wanda ya ƙirƙiro aiki zai iya cewa a ɓoye yake tun zamanin Stalin. A 2020 gidan adana kayan fasaha na Ludwig da ke birnin Kolon na Jamus ya bayyana cewa daga cikin zane-zanen fenti 49 na wannan fage da ya bincika a cikin kayansa, 22 ba na waɗanda aka jingina wa ba ne. Shi ya sa na fi natsuwa da ayyukan da aka san mawallafinsu da adadinsu, irin ƙunshin bugun dutse da El Lissitzky ya yi wa ƙungiyar Kestner ta Hanoba a 1923, wanda kwafi 50 aka buga.

Game da lafiyar takarda ba zan tsawaita ba. Da yawa daga cikin ayyukan zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya da na shekarun hauhawar farashi da suka biyo baya a Jamus an buga su ne a takardar da aka yi da garin itace, wadda take yin ja ta riƙa karyewa da kanta. Haske yana kashe launi kuma abin da ya kashe ba ya dawowa, shi ya sa gidajen adana kayan fasaha ba sa wuce laks 50, wato ma'aunin ƙarfin haske, a ɗakin da aka rataye takarda, kuma ba sa barinta a bango fiye da 'yan watanni. Laima tana kawo funfuna da jajayen ɗigo. Salatef da gam ba sa kusantar takarda. Da siririyar takardar Japan da kullun sitacin alkama ake maƙala ta, domin a iya cirewa ba tare da ɓarna ba. Ina kuma gudun takardar da ta yi fari fat fiye da shekarunta, domin sau da yawa alama ce ta an wanke ta da sinadari, kuma wankin yakan kwantar da tudun tawada ya shafe shatar faranti.

Wanda ba shi da kuɗin manyan gwanjo bai rasa hanya ba, kuma hanyar da na fi so ita ce ta mujallu. Der Sturm, wadda Herwarth Walden ya kafa a Balin a 1910, da Die Aktion ta Franz Pfemfert da ta fara fita a 1911, da wasu da suka biyo bayansu kamar Genius da Das Kunstblatt, sun riƙa buga sassaƙen katako kai tsaye daga katakon mai zanen, a cikin shafukansu. Yawanci babu sa hannu, takardar ba ta da inganci, sau da yawa akwai rubutu a baya, kuma saboda haka kuɗinsu bai kai ko kusa da na bugun hannu ba, amma ayyuka ne na asali na mutane irin su Franz Marc da Wassily Kandinsky da Schmidt-Rottluff, kuma a wannan siffa ce mutanen zamanin suka fara ganinsu. Gerhart Söhn ya tsara kundi mai juzu'i da dama da ya bi waɗannan mujallu fitowa bayan fitowa, wanda da shi ake tabbatar da ko shafi daga katako ya fito ko hoto ne kawai. Kafin a sayi komai kuma, ɗakunan nazarin takardu na manyan gidajen adana kayan fasaha, irin na Balin da Landan da New York, suna karɓar duk wanda ya nemi izini, a fito masa da takarda ba gilashi a tsakani, kuma a nan ne ido yake koyon abin da zai riƙa aunawa da shi.

Abu ɗaya da nake roƙon duk wanda ya bi wannan hanya shi ne kada ya yage shafi daga mujalla domin ya sa a firam, kuma kada ya ƙarfafa wa dillalan da suke yin haka gwiwa. Kasuwa tana tura mutane ga wargaza abin da aka yi shi a haɗe, saboda idan aka sayar da shafuka ɗaya-ɗaya ana samun kuɗin da ya fi na cikakken ƙunshi. Jerin zane-zanen yaƙi na Otto Dix, wanda Karl Nierendorf ya wallafa a Balin a 1924, takardu 50 ne a cikin ƙunshi 5, kuma saiti 70 aka buga. Dix ya yi yaƙin da kansa a matsayin mai harba babbar bindiga mai sarrafa kanta, ya kuma jera takardun ta yadda mai kallo zai bi ramukan soja da gawawwaki da ƙauyukan da aka rushe ɗaya bayan ɗaya har abin ya yi masa nauyi. Duk saitin da aka wargaza ya rage adadin wuraren da za a iya ganin aikin yadda ya tsara shi, kuma sake haɗa takardu 50 masu lamba ɗaya bayan sun watsu a ƙasashe daban-daban abu ne da kusan ba ya yiwuwa.